Shawarwarin masu rainon yara a gida

Matan da ke karɓar rainon 'ya'yan ma'aikata a gidajensu sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kada mace guda ta tara yaran da idonta ba zai iya bi ba, musamman in akwai na goye.

Maganar wasa ce ta fi ɗaukar lokaci. Iyaye da yawa na matsawa a zaunar da ɗan shekara 3 ya riƙa rubutu, alhali hannunsa bai yi ƙwari ba. Masu rainon suka ce a ba shi ƙasa da ruwa da gwangwani ya yi tuwon ƙasa, ya jera marafan kwalba yana ƙirgawa, a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a bar shi ya yi ta tambaya. Ni ma nan na tsaya, don ta haka harshe da lissafi ke zama a kan yaro.

Waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada kallon allon waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4.

Sai tsaro: a rufe rijiya, a daina zuba kananzir a robar lemo, a duba katin rigakafin kowane yaro kafin a karɓe shi.