Wa ya taɓa hawa Dutsen Emei a Sichuan?

Ɗalibin_Chengdu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Hutu ya kusa, ina so in je Dutsen Emei, ɗaya daga cikin duwatsu huɗu da mabiya addinin Buddha ke girmamawa a China. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, kwana ɗaya zai isa? Sannan in mutum ya shiga wuraren ibadarsu ya zai yi kar ya ɓata musu rai?

Maman_Khalil:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kwana ɗaya kam zai matse ka. Daga Chengdu jirgin ƙasa mai gudu wajen awa ɗaya da rabi ne, ka kwana a gindin dutsen kusa da haikalin Baoguo, da ka yi sallar asuba ka shiga bas zuwa Leidongping, daga nan sai matakala har wajen motar nan da ke tafiya a kan igiya, ita za ta kai ka Jinding can ƙololuwa sama da mita 3,000. Sanyin wajen ba wasa ba ko da rani ne, amma ana ba da hayar rigunan sanyi. Mutum-mutumin Puxian, wani da suke ɗauka kamar waliyyi a addinin Buddha, yana can, tsayinsa mita 48, in hazo ya sauko ko kansa ba ka gani.

Abu_Hanan:
Malam ka kiyayi birai wallahi. Kar ka riƙe leda ko gorar ruwa a hannu, fizgewa suke, har zip ɗin jaka suna buɗewa.

Yaya_Babba:
Maganar ladabi, kar ka taka dokin ƙofa, tsallakewa ake. Ka rage murya, kar ka ɗauki hoton cikin ɗakin ibada, kuma kar ka gitta gaban mai sujada a kan matashi. Ba wanda zai ce sai ka ƙona turare ko ka rusuna, ka kalla ka wuce. Abincin haikalin ba nama, shinkafa ce da ganye da awara. Ni dai haikalin Wannian ya fi tsaya min a rai, akwai giwar tagulla da aka ƙera tun shekarar 980, kuma ba cunkoso kamar sama.

Ɗalibin_Chengdu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Leshan fa, zan iya haɗawa?

Maman_Khalil:
Sosai ma, layin jirgi ɗaya suke. Buddha ɗin da aka sassaƙa a jikin dutse ne bakin kogi, mita 71, ka ware masa rabin yini don layin sauka ƙasa yana da tsawo.