Jarin da Hajiya ta ba ni ya narke, na kasa yafe wa kaina

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Shekarata 35. Na gama jami'a a 2014, na yi bautar ƙasa, na yi ta yawo da takardu har na haƙura. Hajiyarmu ta sayar da filinta na gado ta ba ni jari, na kama shagon kayan waya. Da dala ta tashi a 2023, sai ya zama in na sayar da kaya, kuɗin ba sa isa in sake saro irinsu. Haka jarin ya ƙare. Yanzu ƙanena ke ciyar da gida. Abin da ya fi ci mini rai, Hajiya ba ta taɓa tayar da maganar filin ba. Na san ƙaddara ce, amma kullum sai na raba dare ina "da na yi kaza". Sallah ma jiki ne kawai ke yi. Ya zan yi?

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam. Wannan "da na yi kaza" ɗin, akwai hadisi a kanta a Sahihu Muslim: Annabi (SAW) ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Amma duba farkon hadisin, umarni ne ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. Mutane na riƙe ƙarshen su bar farkon. Sallar nan da kake raina wa, kada ka sake ta.

Mai Alli:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya taimake ni lokacin da na rasa aiki, maganar Epiktetus ce, wani masanin falsafar Girka da ya taso a bawa. Ya ce a raba al'amura biyu: wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Ɗauki biro ka rubuta. Farashin dala a hannunka yake? Ni da na yi, laifina na gaskiya layi biyu ne kacal, sauran duk na ɗora wa kaina ne. Imam Gazali ma, yana kan ganiyarsa a Bagadaza a 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa karantarwa, ya bar garin. Sai bayan kusan shekara 11 ya koma koyarwa.

Maman Ilham:
Ƙanena, ni uwa ce, bari in gaya maka. Shirun Hajiya ba lallai fushi ba ne, ƙila tsoron ƙara maka ciwo take. Kai kana guje mata, ita tana kallon ramarka. Je ka zauna gabanta ka buɗe baki. Rashin barcin nan kuma in ya wuce mako biyu, ka ga likita, ciwon damuwa ba raunin imani ba ne.

Ɗan Fagge:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, gaskiya wata huɗu ke nan ina gaishe ta daga bakin ƙofa. Yau bayan isha'i zan shiga ciki.