Shin gwajin jini zai iya nuna ciwon ƙwaƙwalwa?

A zaman da muka yi da wasu ma'aikatan lafiya, amsar ta fito fili: har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ciwon damuwa ko sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi. Likita na gane su ne ta hanyar sauraron mara lafiya da 'yan uwansa.

Ba don ba a nema ba. A shekarun 1980 an sa rai a kan gwajin kotisol, sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum ya shiga matsi, don gano ciwon damuwa, sai aka tarar sakamakon yana fitowa haka nan a wasu cututtukan. A 2014 masana sun gano wurare 108 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da sikizofireniya, amma tasirin kowanne bai taka kara ya karya ba, kuma lafiyayyu da yawa suna ɗauke da su.

Duk da haka, in likita ya ce a ɗebi jini, a bari ya ɗiba. Ciwon tairoid (wata gaɓa da ke wuya) ko ƙarancin bitamin B12 kan zo da kasala da mantuwa kamar damuwa, kuma mai shan maganin litiyom, wanda ake bai wa wasu masu ciwon ƙwaƙwalwa, dole a riƙa auna jininsa. Wanda kuwa ya yi maka tallan gwaji ɗaya mai gano komai, to, kama aljihunka.