Waɗanda yaƙin Yukren ya rutsa da su, ku ba mu labari

Babban Yaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin karatun likitanci a Jojiya, ƙasar da Rasha ta yaƙa a 2008, kuma har yanzu sojojin Rasha na Abkaziya da Osetiya ta Kudu, yankunan da suka ɓalle daga Jojiya. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ku da kuke Yukren a 2022, kun ga alama kafin abin ya ɓarke?

Ɗan Kharkiv: Wa alaikumus salam, Yaya. Alama kam mun gani, mu ne ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba. Rasha ta jibge sojoji sama da 100,000 a kan iyaka, tana atisaye a Belarus, mu kuma iyakar ba ta kai kilomita 50 daga garinmu ba. Na tambayi tsohuwar da nake haya a gidanta, ta ce tun 2014 suke jin wannan barazana, in je in yi karatuna. Na yarda da ita, don ta fi ni sanin ƙasarta. Asubar 24 ga Fabrairu ƙarar bam ce ta tashe ni. Kwana huɗu na yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kan tayil mai sanyi, kusa da wata mata da ta naɗe kyanwarta cikin rigar sanyi. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

'Yar Sumy: Mu hanyar fita ma aka toshe mana. Ruwan famfo ya ɗauke, sai ƙanƙara muke ɗebowa a bokiti mu narkar, da ita muke girki da alwala. Sai 8 ga Maris aka buɗe hanya zuwa Poltava. Ummata kwana take a waya tana kuka, ni ce ke rarrashinta.

Mai Jaka Ɗaya: Ni na samu jirgin ƙasa zuwa Lviv, birnin da ke kusa da iyakar Poland, a tsaye. Wahalar ta iyakar Poland ce: sanyi, tafiyar ƙasa, kuma baƙar fata ake turawa baya. Takardun makarantata a ɗaki na baro su, shekara uku ta karatu. Yaya, ka ce wa ƙaninka fasfo da takardunsa su zauna a jaka ɗaya, da kuɗi a hannu, don a ranar farko layin cire kuɗi ya fi ƙarfinmu.

Babban Yaya: Allah sarki. 'Yar'uwa, a ƙarshe kin samu kin ƙarasa karatun?

'Yar Sumy: Na ƙarasa, Yaya, amma a wata ƙasa, kuma sai da na maimaita shekara guda.