Likita wasa kawai take yi da yarona, ni meye nawa a ciki?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku ba ni shawara. Yarona shekararsa 5, tun daren da 'yan fashi suka shigo mana gida ya canza, ya koma fitsarin kwance, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya ruga ƙarƙashin gado. Asibiti suka haɗa mu da wata likitar halayyar yara, duk sati ta shiga ɗaki da shi minti 45 da kayan wasa ni kuma ina benci a waje, in ya fito na ce me kuka yi sai ya ce wasa. Babansa har ya fara mita wai kuɗin mota kawai muke ƙonawa. Ni ba abin da zan yi ne?

Anti Rabi:
Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Na farko ki daina titsiye shi da tambaya in ya fito, haka aka hana ni lokacin tawa 'yar. Yaro ɗan 5 ba shi da bakin da zai ce miki tsoro nake ji, da wasan yake faɗa. Tawa sati kusan 6 tana binne 'yar tsana a yashi tana tonowa bayan rasuwar babanta, wlh na sha kuka a banɗaki amma ban taɓa ce mata bari ba. Likitar za ki tambaya, ki nemi zama ke da ita ba yaron, ki gaya mata yadda barcinsa da cin abincinsa suke.

Ummu Ilham:
Naki aikin babba ne 'yar uwa. Tun shekarun 1960 wasu mata da miji a Amurka, Bernard da Louise Guerney, suka fara koya wa iyaye su yi wannan wasan da kansu a gida. Minti 30 sau ɗaya a sati, ki kashe waya, ki shimfiɗa tabarma, shi ne shugaba. Ba gyara, ba koyar da ABCD, ba "wannan wace kala ce", abin da kika gani kawai za ki faɗa, "na ga ka ɓoye motar a bayan filo". In ya ɗau bindigar roba yana harbin ɓarawo ki ƙyale shi, amma in zai doke ki ko ya fasa abu sai ki ce ni ba ta duka ba ce, ga filo ka doka. Ki fara tambayar likitar ko ya kai lokacin.

Abu Khalifa:
Ku ja babansa ya je ko sau ɗaya ya ji daga bakinta, mu maza sai mun gani. Kuma a ci gaba da tofa masa addu'ar barci, ɗaya bai hana ɗaya ba. Dukan yaro kan fitsarin nan kam a bari.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai. Gaskiya kakarsa kan yi masa faɗa gaban yara in ya jiƙa katifa, yau zan lallaɓa na yi mata magana. Ranar Talata muke komawa, zan roƙi babansa ya kai mu da kansa.