Dattijon Suwidin da ya ci zinare yana da shekara 64

Abba: Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum a zauren nan Messi ne ko Ronaldo, babu mai ambaton Oscar Swahn, maharbin ƙasar Suwidin. Yana da shekara 60 ya je gasar Olamfik ta Landan a 1908, ya ɗauko zinare biyu. A 1912 ya ƙara ɗaya a Stockholm yana da 64, a 1920 kuma ya ci azurfa a Antwerp yana da 72. Ya fi duk 'yan ƙwallonku.

Malam Sale: Abba, gyara maganarka. Wane maharbi? Barewar da yake harbi ba ta da rai, siffarta ce kawai ake ja ta wuce a guje. Kakana maharbi ne, a daji yake kwana, ya san sawun kowace dabba. Kada ka haɗa su.

Abba: Allah ya gafarta Malam, daga nisan yadi 110 ne fa, kuma cikin daƙiƙa huɗu take wucewa.

Hauwa: Wanda ya saita bindiga ya samu abin da ya nufa ai maharbi ne. Malam, mafarauci kake nufi.

Malam Sale: Ke yarinya, me kika sani a harkar daji?

Hauwa: Ni ce yarinya? Da 'ya'yana uku? Duk sanda mace ta yi magana a nan sai an raina ta.

Musa: Ku dakata. Zinaren 1912 na ƙungiya ne, kuma ɗansa Alfred yana ciki. Ɗan ne ya goya uban.

Abba: Na 1908 fa, wanda ya ci shi kaɗai? Wa ya goya shi?

Musa: Ronaldo ya haura 40 yana zura ƙwallo a guje. Tsohonka a tsaye yake wuri ɗaya.

Nura: Ronaldon da bai taɓa ɗaga kofin duniya ba?

Musa: Kai ɗan Barcelona, ba da kai nake ba.

Hauwa: Har yanzu ina jiran Malam ya janye kalmarsa.

Garba, shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar shi ne Malam Sale ya yi gaskiya, harbin allo ba ya mai da mutum maharbi, kuma Musa ya kawo hujja mai ƙarfi kan Ronaldo. Hajiya Hauwa, ki yi haƙuri, Malam babba ne. Abba, gobe kada ka sake zagin 'yan ƙwallo. Na rufe zaure sai bayan Isha'i.