Giwayen Yankari na shiga gona: ya za a kore su ba tare da an harbe su ba?

Manomin Alkaleri: Assalamu alaikum. A ƙauyukan gefen dajin Yankari, da dawa da masara sun fara nuna sai giwaye su fito da dare, kafin asuba gona ta kwanta. Akwai dabarar da ke aiki?

Mai Amya: Wa alaikumus salam, Malam. Shingen ƙudan zuma, wanda aka fara gwadawa a Kenya. Giwa na tsoron harbinsa a gefen ido da cikin hannunta. A kafa sanduna biyu, a rataya amya tsakaninsu daidai ƙirjin mutum, a yi mata rumfar ciyawa. Duk bayan mita 10 a sa wata, sannan a haɗe su da waya guda. Giwa na taɓa wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan ya fito.

Inda ake samun matsala: amyar da ba ƙuda ba ta daɗe tana ruɗin giwa. Da rani ƙudan kan gudu in ba ruwa kusa, don haka a ajiye kaskon ruwa da tsakuwa a ciki. A shafa baƙin mai a gindin sandunan saboda tururuwa, a kuma lura da dage, dabbar da ke fasa amya don zuma.

Baba Mai Barkono: In kuɗin amya bai samu ba, a daka busasshen barkono kamar kilo 2 da rabi, a kwaɓa da lita 10 na baƙin mai, a shafe igiya da tsummoki, a zagaye gonar. Ruwan sama na wanke shi, sai an riƙa sabuntawa. Ana kuma cuɗa barkonon da kashin shanu, a busar, a kunna da magariba ta inda iska za ta kai musu hayaƙin. Maƙwabta su yi tare, in ba haka ba gonar wani kawai aka tura su.

Mai Gadin Daji: Malam, batun harbin giwa da bindiga a bar shi, doka ma ta hana. Giwar da ta ji rauni ta fi kowacce haɗari. Na Yankari ba su wuce 100 zuwa 150 ba, kuma giwa wata 22 take da ciki, sai bayan shekara 4 ko 5 ta sake haihuwa. Da an ga sabon sawu ko kashi, a kira ma'aikatan dajin tun da rana, kafin garken ya iso gona.